Doki Cikin Ado, Mai Riƙe Igiya Cikin Silifa

Ranar hawan sallah, tun kafin rana ta yi zafi, Kanwuri da ke Gusau ta cika ta batse. Mata da yara sun jeru a bakin hanya, samari sun ɗare katangu, algaita da kakaki na tashi. Tsakanin wannan taro da dawakan da za su zo a sukwane, igiya guda ce ta raba, wani wurin ma babu igiyar, sai mutum. Ɗan agaji ne da bai wuce shekara 20 da 'yan kai ba, kakinsa ya sha guga, ya ware hannuwa yana tura jama'a da ƙirji. "A ja baya! Hajiya, a kama yaron nan!" Muryarsa ta dushe tun hantsi. Tunda jama'a yake fuskanta, dawakan ta bayansa suke zuwa, ba ya ganinsu, sai dai ya ji ƙasa na girgiza. In aka dubi ƙafarsa, silifa ce ta roba.

Dokin da ya wuce shi da kamu biyu kuwa, an yi makonni ana shirinsa. An gyara masa kofato, an sha kai masa dawa da harawa, an ɗora sirdi da jalala, an goge linzami da likkafa har suna ɗaukar ido. Mahayinsa ya naɗa rawani, ya zuba alkyabba. An kashe kuɗi a kan duk wanda jama'a suka zo kallo. Wanda ya tsaya don kada kallon ya koma makoki, shi ne babu wanda ya tambayi da me zai kare kansa.

Haka abin yake a fadar Sarkin Katsinan Gusau, haka yake a ta 'Yandoton Tsafe da ta Sarkin Fulanin Bungudu, haka kuma a sauran garuruwan ƙasar Hausa. A duk inda ake gudu, na doki ko na babur ko na mota, akwai wasu mutane da ke tsaye a bakin layi: dogarai, zagage, 'yan agajin ƙungiyoyin addini irin su Jama'atu Nasril Islam da Izala da Fityanul Islam, 'yan sintirin unguwa, jami'an ZAROTA da na hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa. Da yawansu aikin sa kai suke yi, ladansu na wurin Allah. Sai dai neman lada bai ɗauke wa masu shirya taro nauyin kare lafiyarsu ba, kuma lokaci ya yi da za a mayar da kayan kariyar waɗannan bayin Allah sharaɗi kafin a ba kowa izinin yin hawa ko sukuwa ko tsere.

A fara da lissafi mai sauƙi. Dokinmu na gida yakan kai kilo 300 zuwa 400, kuma in ya miƙe a sukuwa yana iya yin kilomita 50 a awa. Wato cikin daƙiƙa ɗaya ya ci kusan mita 14. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa. Ɗan Adam kuwa, kafin idonsa ya gani, ƙwaƙwalwa ta gane, ƙafa ta ɗaga, daƙiƙa guda ta tafi, sau da yawa ma fiye. Wanda ya taɓa ganin doki ya firgita da ƙarar bindigar 'yan bindigar hawa ya ƙwace linzami ya san ba a yi masa shawara. Inda ya ga sarari nan yake faɗawa, kuma sararin yakan zama wurin da mai riƙe igiya yake tsaye. In kofato ya sauka a kan ƙafar da ke cikin silifa, sai a nemi mai ɗori, in ma abin ya tsaya iya nan.

Wannan na doki ke nan, wanda gado ne, yana da shugabanni, yana da tsari. Akwai wanda ya fi shi muni, wato wasan mota da na babur da ya zama ruwan dare a bukukuwan aure da ranakun sallah da lokacin murnar cin zaɓe. Duk mazaunin Gusau ya san yadda ake yi. An ɗauko amarya ko an taso daga ɗaurin aure, sai wani yaro ya samu shataletale ko miƙaƙƙen titi, ya ja birkin hannu, mota ta shiga juyi, tayoyi na hayaƙi, abokansa sun fito da rabin jiki ta taga, wasu na ɗauka a waya don a ɗora a TikTok. 'Yan babur na biye, an ɗaga tayar gaba, an miƙe tsaye a kan sirdi. Kuma a kowane irin wannan wasa za a ga samari biyu ko uku da suka sauka suka tsaya tsakiyar titi suna tare masu wucewa da hannu, da rigar yadi, da magariba, babu ko tocila. Su ne ma'aikatan filin tseren, ko da yake babu wanda ya kira su haka. A Tsafe da Bungudu kuwa abin ya fi haɗari, domin babbar hanyar da ta taso daga Funtuwa ta nufi Sakkwato ta ratsa garuruwan ne, kuma direban tirela ko tanka da ya ɗauko kaya ba shi da labarin ana biki a gaba.

Amurka ta taɓa shiga irin wannan hali. Bayan yaƙin duniya na biyu, samarin Kalifoniya sun mayar da tituna filin tsere da tsofaffin motocin da suka ƙara wa ƙarfi, ana ta asarar rayuka, 'yan sanda na kamu, su kuma suna komawa. A 1951 wani ɗan jarida mai suna Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA da nufin kwashe su daga titi a kai su keɓaɓɓen fili mai doka. Tseren nasu na motoci biyu ne kafaɗa da kafaɗa a kan miƙaƙƙiyar hanya mai tsawon mita 402, ba kwana ba juyi. Tun 1954 ƙungiyar ta fitar da wata tawaga da ke yawo gari gari tana koya wa mutane yadda ake shirya tsere ba tare da an kashe kowa ba, kuma daga cikinta aka samu rundunar ceto da ke bin gasar har yau.

Motocin da suka fi gudu a wannan gasa suna wuce kilomita 500 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa 4, suna shan wani mai da ake kira naitiromitan, ƙararsu kuma tana kai wa ma'aunin da ke lalata kunne nan take. Shi ya sa masu aikin ceto a can ba sa shiga fili da kayan gida. Suna sa riga da wando na wani yadi mai jure wuta, irin Nomex, da hular kwano, da safar hannu, da takalmi mai rufe ƙafa, da abin toshe kunne. Suna zaune cikin motocin kashe gobara a gefe da ƙarshen hanya, injina a kunne. Har rigar ma tana da daraja hawa hawa, bisa ma'aunin wata cibiya mai suna SFI: mafi sauƙi tana ba mutum kimanin daƙiƙa 3 kafin wuta ta tasar masa da fata, ta tsakiya daƙiƙa 10, mai kauri sosai daƙiƙa 40. Babu rigar da ke hana ƙonewa har abada. Daƙiƙoƙi take saya wa mutum, kuma a cikin waɗannan daƙiƙoƙi ake jawo direba daga wuta. Da direba Scott Kalitta ya rasu a Englishtown ta jihar New Jersey a watan Yunin 2008, ƙungiyar ta rage tsawon tseren manyan motocin zuwa mita 305 don a ƙara musu wurin tsayawa. Sun taɓa abin da suka ɗauka kamar gado saboda rai guda.

Labarin da ya fi nuna amfanin rigar mai tsaron layi ya faru ne a wata gasar dabam, Formula 1, a filin Zandvoort na ƙasar Holan, ranar 29 ga Yuli, 1973. Motar wani matashin direba ɗan Ingila, Roger Williamson, ta kife ta kama da wuta yana ciki da ransa. Abokin tserensa David Purley ya tsayar da tasa motar, ya tsallaka hanya a guje, ya yi ta ƙoƙarin juya motar shi kaɗai. Ya karɓi tukunyar kashe gobara guda da ke wurin ya fesa har ta ƙare. Yana ɗaga hannu yana kiran ma'aikatan filin su zo su kama masa. Suna nan tsaye, taku kaɗan ne tsakaninsu, amma kayan jikinsu na gida ne, zafin wutar ya hana su matsowa. Kafin motar kashe gobara ta iso an ɗauki kusan minti 8, Williamson ya cika saboda shaƙar hayaƙi, yana ɗan shekara 25, duniya na kallo a talbijin. Mutanen nan ba ragwaye ba ne. An tura su aikin ceto hannu rabbana, kuma rashin rigarsu shi ya ci ran direban. Ke nan duk mahayin da ke ganin kayan ɗan agaji ba matsalarsa ba ce, ya sani ranar da doki ya kayar da shi, wannan ɗan agajin ne zai fara isa kansa.

Kusan shekara huɗu bayan haka, ranar 5 ga Maris, 1977, a Kyalami ta Afirka ta Kudu, aka ga ɗaya gefen darasin. Wata mota ta tsaya a gefe da 'yar ƙaramar wuta. Ma'aikata biyu suka tsallaka hanyar tsere ba tare da an ba su izini ba. Na biyun, Frederik Jansen van Vuuren, ɗan shekara 19, yana rungume da tukunyar kashe gobara mai nauyin kilo 18 lokacin da motar Tom Pryce ta iso a gudun kusan kilomita 270 a awa. Ta buge shi, tukunyar kuma ta bugi Pryce a kai, duka biyun suka mutu nan take. Yaron yana da kayan aiki, yana da niyyar alheri, abin da ya rasa shi ne horo da mai ba da umarni. Daga baya ma an ci gaba da rasa irinsu: Paolo Gislimberti a Monza ta Italiya a 2000 da Graham Beveridge a Melbourne ta Ostareliya a 2001, duka tayar da ta ɓalle daga mota ce ta same su, abin da ya sa aka ƙara ƙarfafa igiyoyin da ke riƙe tayoyi aka kuma gyara shingaye.

Babu mai hankalin da zai ce a sayo wa 'yan agajin Bungudu rigar Nomex daga Amurka. Haɗarinmu dabam ne, aljihunmu ma dabam. Abin da ake bukata a nan duk ana samunsa a kasuwar Gusau. Na farko takalmi mai tauri da ke rufe yatsu da idon sawu. Sai riga mai ƙyalli da ake ɗorawa a kan kaki, wadda mahayi zai hango cikin ƙura, direba kuma ya hango da daddare daga nesa mai ninki da dama fiye da yadda zai ga mai baƙar riga. Sai hular kwano ga waɗanda aka ajiye a kwana da kuma wurin da dawaki ke ja su tsaya bayan jahi, domin nan ne faɗuwa da shuri suka fi yawa. Safar hannu saboda igiya, usur saboda murya ba ta kai wa cikin ganguna, ruwan sha saboda zafin rana kansa yana kayar da mutum. Kuɗin rigar ƙyalli guda bai kai na buhun dawar da doki ke cinyewa ba.

Akwai kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba, wato yadin da ake ɗinka kaki da shi. Yawancin mai araha na roba ne, kuma yadin roba in wuta ta taɓa shi narkewa yake yi ya manne da fata. Auduga zalla ta fi aminci nesa ba kusa ba, ga ta kuma Zamfara ƙasar auduga ce tun fil azal. Wanda zai tsaya kusa da 'yan bindiga masu albarushi, ko kusa da babura da jarkokin fetur, bai kamata ya sa roba ba. Haka nan a koya wa kowa cewa wutar fetur ba a zuba mata ruwa, domin man yana tasowa sama ya bi ruwan ya bazu. Yashi ake zubawa, ko a fesa hodar tukunyar kashe gobara. Arewa ta ga abin da wutar fetur ke yi a Majiya ta jihar Jigawa a watan Oktoban 2024, inda fiye da mutum 150 suka rasu, ta sake gani a mahaɗar Dikko ta jihar Neja a Janairun 2025. Bokitin yashi biyu da tukunya guda a kowane gefen fili ba su fi ƙarfin kowace ƙaramar hukuma ba.

Mafi arha a cikin duka shi ne tsari, don ba a sayensa. Kada a bar mutum ya zama shi ne shinge: a kafa turaku a ja igiya biyu, da tazara tsakaninsu, mai tsaro ya tsaya ta yadda idonsa zai ga dawakan. A naɗa mutum ɗaya da shi kaɗai ke cewa a saki dawaki ko a tsayar. Kada kowa ya tsallaka fili, ko da hular mahayi ce ta faɗi, sai ya ji usur. Yaran da ke bin dawaki a ƙasa a mayar da su bayan igiya.

Za a ji masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, babu mai ja da ƙaddara. Amma malamanmu sun sha karantar da hadisin da Tirmizi ya ruwaito, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci wani mutum da ya ɗaure raƙumarsa tukuna sannan ya dogara ga Allah. Wasu kuma, musamman samari, suna ganin sa hular kwano alamar tsoro ce. Ba a manta da Janairun 2009 ba, lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta wa 'yan acaɓa sa hula, wasu suka kifa ƙwarya a ka don kauce wa kamu. Wannan tunani ya saɓa wa tarihinmu na kanmu. Littafin tarihin Kano ya kawo cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Sama da shekara 600 ke nan Bahaushe ya san cewa jarumi yana rufe kansa da ƙarfe, ya lulluɓe dokinsa da auduga, kafin ya shiga fama. 'Yan lifida da ke wucewa a hawan sallah suna burge yara, kayan kariya ne a jikinsu, kuma ba a taɓa kiransu matsorata ba.

Game da dogarai, ba a ce a taɓa jan rawani da riga mai ja da kore ba, wannan kwarjinin fada ne. Ana iya sa takalmi mai tauri a ƙarƙashin riga, babu wanda zai ce al'ada ta ɓaci. Hawan Kano ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a Disambar 2024, idon baƙi na ƙara dawowa kan hawan ƙasar Hausa baki ɗaya, kuma kyan hawa shi ne a watse kowa ya koma gida da ƙafarsa.

Wasan mota a kan titin jama'a kuwa, babu rigar da za ta gyara shi. Hana shi ne kawai magani, a kama motar, a kira uban yaron da uban biki. In gwamnati na ganin samarin nan ba za su bari ba, to ta bi hanyar da Wally Parks ya bi: keɓaɓɓen fili a wajen gari, da shinge, da rajista, da motar asibiti, da ma'aikata masu horo. Abin da bai dace ba shi ne a kawar da kai har sai an kwashi gawa sannan a fitar da sanarwa.

Dalilin gaggawar a Zamfara ya wuce na sauran wurare. Wanda ya samu mummunan rauni a Tsafe ko Bungudu, yawanci Gusau ake nufa da shi, Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. In rauni ne na ƙwaƙwalwa, sau da yawa sai an wuce da shi asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, tafiyar fiye da kilomita 200, a kan hanyar da kowa ya san ba a son bin ta da dare saboda 'yan bindigar daji. Hawa da sukuwa kuma yawanci da yamma ake tashi. Ga tsadar magani, ga shi yawancin waɗannan samari leburori ne, masu tireda, 'yan acaɓa, ɗalibai. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda asusun NSITF ke kula da ita, an yi ta ne domin ma'aikacin da ke da ubangida mai biya masa. Ɗan sa kai da ya karye a bakin fada, sai dai a yi masa karo-karo a masallaci, matarsa ta sayar da akuya.

Hanyar gyara tana hannun mutane ƙalilan da kowa ya san su. Kwamitin hawa na kowace masarauta yana zama kafin sallah ya tsara jerin hakimai da hanyar da za a bi. A wannan zaman ake so a ƙara tambaya: mutum nawa za su tsare layi, wa ya duba takalmansu, ina yashi, ina tukunyar kashe gobara, ina motar asibiti za ta tsaya, wa zai biya in wani ya ji ciwo. Hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa tun 1988, tana da 'yan sa kai masu horo, ƙungiyar Red Cross ma tana koyar da agajin gaggawa. Yini guda ya isa a tara 'yan agajin gari a nuna musu yadda ake tsayar da jini da yadda ake ɗaga wanda ya faɗo daga doki ba tare da an murɗe masa wuya ba.

Allah ya ja zamanin Sarkin Katsinan Gusau, da 'Yandoton Tsafe, da Sarkin Fulanin Bungudu. Kalma ɗaya daga bakinsu ta isa: duk hakimin da zai kawo dawaki 20, ya kawo takalma da rigunan ƙyalli na mutum 20 tare da su. Shugabannin ƙananan hukumomin Gusau da Tsafe da Bungudu su ɗauki nauyin igiya da turaku da motar asibiti. Shugabannin 'yan agaji kuma su ƙi tura yaransu fili in ba a cika waɗannan ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, a fara tun kafin sallah mai zuwa ta ƙarato.